Wai Balarabe ba ya sauka daga mota ne?

Ɗan_Fagge_a_Riyad:
Assalamu alaikum jama'a. Yau watana takwas cif a Riyad, babban birnin Saudiyya, ina aikin jinya a wani asibiti, kuma akwai tambayar da ta tsaya mini a maƙogwaro. Don Allah wai Balarabe ba ya sauka daga mota ne?

A ƙasan benen da muke zaune akwai bakala, irin ɗan shagon unguwa ɗin nan. Daga la'asar har ƙarfe ɗayan dare ba ka jin komai sai hon. Mutum zai zo da shirgegiyar mota ya tsaya daidai bakin shago, tsakaninsa da firjin ruwa bai fi taku biyar ba, amma ya buɗe ƙofa? Ina! Sai ya danna hon, ya sauke gilashi kamar faɗin yatsa uku, yaron shago ya taho a guje. Ruwan riyal ɗaya fa. Yaro ya koma ya ɗauko, ya sake komawa ya kawo canji, sai a lokacin bawan Allah zai tuna ashe yana son burodi. Rannan na tsaya a taga ina ƙirgawa, sau huɗu yaron nan ya yi safa da marwa a kan mutum ɗaya. Mu dai an koya mana zuwa da kai ya fi aike, da alama wannan karin maganar ba ta samu biza ba.

To ran da Allah ya nufa zai sauka kuma, sai ka sha kallo. Zai fara sauke madubin da ke saman kansa. Ya gyara jan mayafin nan nasu, shimag, ya daidaita karin gugar a tsakiyar goshi, ya ɗaga baƙar igiyar ya sake ɗorawa, ya jefa gefe ɗaya bisa kafaɗa, ya ga bai yi ba, ya dawo da shi. Ya fesa turare. Wallahi ina gida aka shirya ƙanwata ranar kai amarya, ba ta kai su daɗewa gaban madubi ba. Sannan ya fito ya bar motar a kunne, esi na ta aiki, babu kowa a ciki sai asuwakinsa.

Sai kuma sunana da ya ɓace. Tun daga filin jirgi ni Muhammad ne. Mai gadi Muhammad, mai shara Muhammad, ni ma Muhammad. Suna ne mai albarka, ban ƙi ba, amma da wani sunan aka yanka mini rago.

Manyanmu da suka daɗe a ƙasar nan, ku warware mini. Wannan zama a mota lalaci ne, zafi ne, ko kuwa sarauta ce?

Direban_Dammam:
Hhhhh Malam ai ba ka ga komai ba. Ni na bi bayan wani a Khobar, ya yi wa masu wanki hon, aka fito da tob ɗinsa, doguwar rigar nan tasu, a leda aka rataye masa a kujerar baya, ko waiwayowa bai yi ba. Ya matsa gaba kaɗan ya yi wa mai shayi hon. Ya ƙara matsawa, na'urar cirar kuɗin ma irin ta cikin mota ce. Da za a gina masallacin da ake shiga da mota, sahun farko sai an yi rububi.

Ɗalibin_Madina:
Direba, a cire masallaci daga cikin wasan. Kuma a faɗi gaskiya, kiran salla ne abu guda da ke fito da su daga mota ba gardama.

Direban_Dammam:
Na janye, Ustaz. Allah ya yafe mana.

Injiniya_Yanbu:
Ɗan Fagge, wata takwas ka ce? Ashe cikin sanyi ka zo, ba ka gaisa da watan Yuli ba tukuna. Ka bari ta zo. Riyad takan kai maki 44 ko 45, iskar da ke bugun fuskarka kamar ka leƙa tandar mai gurasa. Ruwan famfo da azahar ba ya alwaltuwa, don tankin yana saman bene yana dahuwa. Kana ganin banza gwamnati ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba? Motar da ka kashe na minti goma, in ka dawo sitiyarin ba ya taɓuwa. Ga fetur lita ɗaya riyal 2.18. Mutumin da ke sayen mai a haka, me zai sa ya kashe esi? Zafi ne kawai, ba wata sarauta.

Ɗan_Fagge_a_Riyad:
Injiniya na ji, amma a watan Janairu fa? Lokacin da kowa ya koma baƙin tob da farwa, rigar sanyin nan tasu mai gashi a ciki, muna rawar ɗari, hon ɗin bai ragu ko ɗaya ba. Sannan shi yaron shagon da ke gudu a ranar, jikinsa na ƙarfe ne?

Mai_Bufiya_Jidda:
To ga yaron shagon ya iso. Shekarata shida ina aiki a bufiya a Jidda, shayi da sanwic na ƙwai da hanta. Ni ake yi wa hon ɗin da kuke dariya a kai.

Abin da ba ku sani ba, hon ma yare ne. Akwai mai taɓawa sau ɗaya a hankali, wannan ɗan gida ne, tun kafin in fito na san shayi da madara yake so, sukari kaɗan. Akwai mai bugawa biyu a jere, wannan ya makara ne zuwa aiki. Akwai kuma mai ɗora hannu ya manta da shi a kai, wannan in ka je ma bai gama shawarar abin da zai ci ba. Ina da wani dattijo da ke zuwa bayan asuba, shi ba ya hon, fitila yake walƙa mini, kuma bai taɓa karɓar canji ba. Ran da ban zo aiki ba saboda zazzaɓi, sai da ya tambayi inda nake kwana ya aiko mini da lemo kwali guda. Akwai kuma yaran da ba su kai ƙanena ba, su kira ka kamar sun kira akuya. Duka akwai.

Amma tunda an taɓo maganar, bari in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Wanda ya fi kowa danna mini hon a layinmu Bahaushe ne. Da a ƙafa yake zuwa, mu gaisa, mu yi hirar gida. Shekara biyu da yin motarsa, ban sake ganin takalminsa ba.

Bazazzagiya_92:
Innalillahi, Mai Bufiya ka kashe ni da dariya. "Ban sake ganin takalminsa ba."

Baba_Misfala:
Assalamu alaikum. Ɗana na Fagge, ka sa ni dariya da sassafe. Ni na shigo ƙasar nan ina saurayi, yanzu jikokina suna makaranta a Makka. Zan ba ka labarin wautata, don ka san kowane baƙo da irin tasa.

Farkon zuwana wani mutumin kirki da nake yi wa ɗinki ya gayyace ni gidansa. Aka zaunar da ni a majalisi, ɗansa ya zo da butar gahawa a hannun hagu, 'yan kofuna a dama. Ya zuba mini wata 'yar kaɗan a gindin kofi, ko rabi ba ta kai ba. Na ce a raina, duk arzikin nan amma rowar ruwan zafi? Na shanye na miƙa masa kofi. Ya sake zubawa. Na shanye na miƙa. Ya sake. Ni kunya ta hana ni cewa ya isa, shi kuma tarbiyya ta hana shi tsayawa. Yaron nan yana tsaye a kaina kamar dogari. Sai da na sha goma sha ɗaya, cikina ba komai sai dabino uku, sannan wani tsoho da ke gefena ya kama hannuna ya girgiza kofin. Ashe girgiza kofi shi ne "na ƙoshi". Daren nan ban runtsa ba, har asuba ina jin zuciyata kamar kalangu.

Daga baya na gane zuba kaɗan ɗin girmamawa ce, wato ka daɗe muna zuba maka. In aka cika maka kofi fal, to ana nufin ka sha ka kama gabanka. Haka kuma in an gama cin abinci aka zagayo da kaskon turaren wuta, kowa ya kara gemunsa da mayafinsa, kada ka gyara zama. Suna da magana, wai bayan turare babu zama. Ni ran farko da aka kawo turaren sai na miƙe ƙafa, na ce yanzu hira ta yi daɗi.

Maganar mota kuwa, da ba haka abin yake ba. A tsofaffin unguwannin Makka lungu ne da hawa dutse, mota ba ta shiga, kowa da ƙafarsa yake zuwa sayen gurasarsu ta tamis da wake da safe. Sababbin unguwanni ne aka yi su don mota, babu inuwa, babu inda mai tafiya a ƙasa zai bi.

Ɗan_Fagge_a_Riyad:
Allah ya ƙara girma, Baba. Goma sha ɗaya! Ni a bakwai aka cece ni.

Ɗalibin_Madina:
Game da "ya Muhammad", ni ban ɗauke shi raini ba. Mutum bai san sunanka ba, sai ya zaɓa maka mafi alherin suna. Mu a gida ba "kai" ko "Malam" ko "mai ruwa" muke cewa ba? Wani ma tsaki yake yi wa ɗan acaɓa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suke kiran mutum da sunan ɗansa na fari. Abu Fahad, Abu Nasir, a gaban kowa, shi kuma yana ta washe baki, don a wajensu girmamawa ce. Ku tuna mu a gida ɗan fari shi ne wanda uba ba ya ko kama sunansa. Babana har ya rasu bai taɓa kiran yayanmu da sunansa ba, sai dai "kai" ko "wannan yaron". Abin mamaki kuma, wannan kira da Abu wane su sunansa kunya a Larabce, daga nan muka samo alkunya. Kalma ɗaya, su suna shelanta ɗan fari da ita, mu muna ɓoye shi da ita. Ko ba ka yi aure ba sai sun laƙa maka: in kai Ibrahim ne ka zama Abu Khalil, in Yusuf ne Abu Yakub.

Amma tambayi ɗayansu sunan matarsa ka ga yadda fuska za ta canja. Nan kam mun haɗu, su "ahali", mu "iyali" ko "mai ɗakina".

Ɗan_Fagge_a_Riyad:
Ustaz ka tuna mini. Satina na farko wani dattijo majinyaci ya dube ni ya ce "shlonak?" Ni kuma da ɗan Larabcin Islamiyyata na san launu shi ne kala. Na ce a raina, yau ga tsoho mai ido biyu yana tambayar kalata. Na daure na ce masa "aswad, alhamdu lillah", wato baƙi ne, alhamdu lillah. Mutumin nan ya yi dariya har sai da na'urar da ke jikinsa ta fara ƙara. Ashe "yaya kake" yake nufi. Har aka sallame shi, in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce "aswad alhamdu lillah!"

Abu_Hausawi:
Ya jama'a, ni ina da gyara. Kuna ta Balarabe, Balarabe. Wane Balaraben? Ni a Makka aka haife ni, babana ma haka, kakana ne ya zo daga ƙasar Kano a ƙafa ta Sudan. Ina da tob, ina da shimag, kuma wallahi ina gyara shi a madubi kafin in sauka, to ni wane ne a cikin labarin naku? Wanda ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi, sunansa bai gaya muku komai ba? Sannan Riyad daban, Hijaz daban. Mutumin Jidda ko Makka yana da sakin jiki, ya saba da baƙi tun kaka da kakanni. Ko "shlonak" ɗin nan ba maganarmu ba ce, mu "kef halak" muke cewa.

Kuma tunda dariya ake, ku bari mu ma mu yi tamu. Mun san alhajin Najeriya tun daga nesa. Waya a kunne, yana magana da Kano kamar babu wayar, muryar ce za ta kai. Ya shiga shago an rubuta farashi ƙuru-ƙuru, sai ya taya rabi, in an ƙi ya fita, ya dawo, ya sake fita. Kowace shekara hukumar alhazai tana gargaɗi kada a zo da goro, kowace shekara sai an samu mai ɓoye shi cikin garin tuwo. Ran komawa kuma ya sayi jan shimag ya ɗora a kan shadda, igiyar ta karkace kamar gammo, ya sa haƙorin Makka, ya yi ta murmushi ba dalili don a gani.

Bazazzagiya_92:
Wayyo gammo! Wannan kawuna ne sak, har yau da shi yake zuwa ɗaurin aure.

Direban_Dammam:
Abu Hausawi ka rama, an yi canjaras. Amma maganar waya ban yarda ba, ka taɓa zama kusa da Bamisre yana waya?

Ɗan_Fagge_a_Riyad:
Yaya Abu Hausawi, afuwan, wanzami dai ba ya son jarfa. Na karɓi gyara, na Riyad nake nufi, su na gani. Amma ka amsa mini tsakani da Allah: kai kana sauka a bakala ko hon kake yi?

Abu_Hausawi:
Wannan tambaya ce ta sirri, ya akhi.

Maman_Ilham:
Ku maza kun zauna kuna ta lissafin abin dariya, ba wanda ya faɗi abin koyi. Shekarata tara a Riyad. Ku shiga babban kanti daren Juma'a ku gani. Namiji da gemunsa da tob ɗinsa fari tas, yana tura keken kaya, jariri a kafaɗa, matar tana gaba tana nuna abin da za a ɗauka. Ya tsaya yana karanta bayan gwangwanin madara. A wurin shaƙatawa shi ne mai shimfiɗa darduma, shi ne mai hura gawayi, shi ne mai bin yara da gudu. Ba wanda zai ce masa mijin ta ce.

Abban Ilham da muka zo, in na miƙa masa yarinya a kasuwa sai ya waiga hagu da dama tukuna, ko akwai ɗan garinsu. Yanzu ya saba, har goyon gaba yake yi da irin abin ɗaukar jariran nan. Amma duk ran da muka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, tun a matakala yake miƙo mini ita.

Shi ya sa ma wani lokacin ba sa sauka daga motar, Ɗan Fagge. Iyali ne a ciki. Kafin 2018 mata ba sa tuƙi, duk wata zirga-zirgar gida a wuyan namiji take, makaranta, asibiti, gidan surukai, cefane. Mutumin da ya wuni yana wannan, ka ce ya sauka don ruwan riyal ɗaya?

Injiniya_Yanbu:
Hajiya, a yi mana adalci. Bahaushe fa shi ke cefane tun fil azal, ba a san matarsa da zuwa kasuwa ba.

Maman_Ilham:
Cefane daban, ɗaukar ɗa daban, Injiniya. Kuma cefanen ma almajiri ake ba wa ya kai gida.

Hajiyar_Karantina:
Maman Ilham kin faɗi gaskiya amma rabi. Ki tambayi matan nasu ina mazan suke daga bayan isha'i. Istiraha! Su haɗa kuɗi su kama wani fili mai katanga a bayan gari, da ɗaki da talabijin, su zauna suna karta irin tasu da suke kira balot, ana shayi ana ƙwallo har ƙarfe biyu. Na yi aiki a gidan da uwar gidan kullum faɗanta ke nan. Da majalisar ƙofar gida ta Kano da istiraha duk kanwar ja ce, illa dai tasu da esi.

Zol_Maiurno:
Salamu alaikum ya jama'a. Ni Bahaushen Sudan ne, daga Maiurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda kakanninmu suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ne ya kawo ni Jidda. Ina karanta ku ina dariya, don ni ido biyu nake kallon abin, na Sudan da na Hausa.

Ɗan Fagge, in kana neman ƙasar da ake sauka daga mota, ka je Sudan da azumi, Allah ya kawo zaman lafiya. A ƙauyukan Jazira da ke kan hanyar Khartum zuwa Madani, in magariba ta kusa, maza ne za su fito su tsaya a tsakiyar kwalta, wasu su warware rawaninsu su tare hanya da shi. Babbar bas ce ko tirela, sai ka tsaya, sai kowa ya sauko ya sha ruwa a tabarmarsu. Ka ce kana sauri, su ce saurin ya jira. Can ba a miƙo maka ta taga.

Mu kuma namu abin dariyar, gaisuwa. Basudane zai fara dafa kafaɗarka, kai ma ka dafa tasa, sannan a yi musabaha, sannan a shiga "kef, tamam, in sha Allah kwayyis", a zagayo a sake, kamar dai gaisuwar Hausa ta samu ƙanwa. Ran da na fara dafa kafaɗar wani ɗan Saudiyya a wurin aiki, sai ya ja da baya yana duba rigarsa, ya ɗauka wani abu na kaɗe masa. Rawanin Basudane kuwa ya kai mita huɗu zuwa biyar, amma a tsaye yake naɗa shi yana hira, ba madubi. Akwai ma jallabiyar Ansar, mabiya Mahadi, mai aljihu gaba da baya, duk ta inda ka zura ta daidai ne. Wanda ya saba da wannan, ku yi tunanin yadda yake ji in ya ga ana minti biyar a kan karin shimag.

Baba_Misfala:
Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ɗana. Na ci abincin mutanenku, ban manta ba.

Mai_Bufiya_Jidda:
Amin. Zol, agashe fa? Na ji an ce namu ne.

Zol_Maiurno:
Namu ne mana, sunan ma ai ya faɗa, "a gashe". Tsire ne da ƙuli da yaji, Hausawa suka kai shi, yanzu duk Sudan ana ci.

Abu_Hausawi:
Mu ma a Makka da Jidda muna da shi, siriya ake ce masa, tsire ne bakin Larabawa ya lanƙwasa. Ku zo Shara Mansur ku ga masu manyan motoci a layi. Kuma kafin Ɗan Fagge ya tambaya: e, a nan suna sauka. Mai tsire ba ya zuwa taga.

Direban_Dammam:
To ashe an samu maganin abin. Ba zafi ba ne, Injiniya, yaji ne bai ji ba.

Ni abin da har yau ban saba da shi ba, gaisuwar hanci. Kawun kafilina, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya zo daga ƙauye, tsoho mai kirki, na miƙa hannu, sai na ga fuska tana matsowa. Na ja baya, ya matso. Na ƙara ja, bango ya tare ni. Ya ɗora hancinsa a kan nawa sau biyu, ni kuwa na runtse ido ina karanto duk addu'ar da na sani. Aka yi ta dariya, wai ai karramawa ce, ba kowa yake yi wa ba. Ban gaya wa kowa wannan a gida ba, sai yau.

Sai tuƙi. Danja ta nuna kore, kafin ƙafarka ta bar birki na bayanka ya yi hon. Mutum yana layin hagu na ƙarshe, sai ya tuna dama zai shiga. Abu ɗaya suke tsoro a duniya, kyamarar Sahir. Kana tafe ka ga kowa ya taka birki lokaci guda kamar an ce ga Mala'ika, to tana nan gaba. Tarar kuma kafin ka isa gida ta riga ka shiga waya.

Injiniya_Yanbu:
Ba wanda ya ambaci faɗan biyan kuɗin abinci. Farkon zuwana na ga manya biyu sun riƙe wa juna hannu a gaban mai karɓar kuɗi, ana "wallahi ba za ka biya ba", wannan ya ture katin wancan, har igiyar kan ɗaya ta faɗi. Na tashi zan raba. Wani ma rantsuwa yake da sakin matarsa a kan kuɗin shinkafa da kaza. Dabararsu kuma, mutum ya ce zai je wanke hannu, ashe ya zagaya ya biya. Ni ma na koyi rantsuwar, sai dai ina yin tawa a hankali, kada a ɗauke ni da gaske.

Sannan in an gayyace ka cin abinci "bayan isha'i", ka ci wani abu kafin ka fita. Gahawa da dabino, shayi, hira, wani shayin. Kabsa, shinkafa da naman nan tasu, ba za ta sauka ba sai sha ɗaya ta wuce. In ta sauka kuma ba magana, mai gida yana yago nama yana turowa gabanka, minti goma kowa ya miƙe. Hirar awa uku, cin minti goma.

Bazazzagiya_92:
Ni dai da sun ji Najeriya sai su ce Ahmed Musa, saboda ya buga wa Al-Nassr daga 2018 zuwa 2020, wasu su ce Ighalo. Ran da 'yan ƙwallon Saudiyya suka ci Ajantina biyu da ɗaya a 2022 kuwa, Ɗan Fagge, da kana nan da tambayarka ta amsa kanta. Maza suka bar motoci a tsakiyar titi, ƙofofi a buɗe, shimag a hannu ana juyawa, madubi ko oho. Washegari Sarki ya ba da hutu.

Ɗalibin_Madina:
Tunatarwa kawai, don na ga Ɗan Fagge yana cewa yana tsayawa a taga. Kallo ba laifi, amma kada wani ya ɗauki hoton mutane ko bidiyo ya watsa don a yi dariya. A nan laifi ne babba, ana hukunta mutum a kai. Mu tsaya a baki.

Ɗan_Fagge_a_Riyad:
Na gode Ustaz, ido kawai nake amfani da shi. To yanzu ina lissafi. Injiniya ya ce zafi. Baba ya ce yadda aka gina gari ne. Maman Ilham ta ce gajiyar hidimar iyali. Mai Bufiya ya ce mota ce kawai, ko wa ta samu. Abu Hausawi ya ƙi amsawa. Ni dai har yanzu ina ganin da 'yar sarauta a ciki, don wanda ya saba a kawo masa, ko a Rasha aka ajiye shi sai ya nemi hon.

Baba_Misfala:
Ɗana, kana da mota?

Ɗan_Fagge_a_Riyad:
A'a Baba, jirgin ƙasan cikin gari nake hawa, tunda aka buɗe shi a ƙarshen 2024 ya rufa mana asiri. Amma ina tara kuɗi.

Baba_Misfala:
To Allah ya hore. In ka saya, ka bari Yuli ta wuce, sannan ka dawo mu ƙarasa maganar.

Maman_Ilham:
Baba ai ba sai Yuli ba. Abban Ilham sati biyu ya yi.

Injiniya_Yanbu:
Ni fa ban sauka daga kan maganata ba, zafi ne. Ku je Abha ko Ɗa'if inda ake sanyi ku gani ko haka ake yi.

Hajiyar_Karantina:
Na yi wata uku a Ɗa'if, Injiniya. Haka ake yi.

Mai_Bufiya_Jidda:
Ku ci gaba, ina zuwa. Ga wani can ya ɗora hannu ya manta, kuma na san motar.